Wane itace zan sa wa bindigar kifi?

Kafinta daga Zengo: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ƙanena da ke aiki a Lome ya turo min hoton bindigar kifi, irin wadda ake nutso da ita a teku, roba ke harba mashin. Ƙarfe da roba duk yana da su, jikin kawai yake so in sassaƙa masa, tsawon mita 1. Na gwada da farin katakon da muke rufi da shi, sati biyu ya lanƙwashe kamar baka. Ina da kirya da madaci a shago. Wanne ya fi?

Mai katako a Kasuwar Dole: Wa alaikumus salam. Kirya kuma? Bar ta ga masu turmi. Nauyi gare ta, yaron nan na sakin bindigar sai ƙasan teku. Masu wannan aiki tek suke nema: yana da mai a jikinsa, ruwa bai cika shigarsa ba, kuma yana tasowa sama. Ana shuka shi a Togo da Benin, ka ce ya aiko maka. In bai samu ba, loko ma yana yi. Madacinka zai iya, amma sai ya sha fenti sosai.

Tsohon kafinta daga Birni: Ɗana, ko tek ne, kada ka yi da gungume ɗaya. Tsaga shi falle 3 ko 5, ka juya kowane falle don jijiyar itacen ta saɓa da ta maƙwabcinsa, sannan ka manne da epoksi, gam ɗin nan mai ƙarfi da ruwa ba ya saki. Farin gam na kujera ruwa zai sake shi. Kafin mannewa ka goge man tek ɗin da asiton, ruwan sinadarin da ke cire maiƙo, in ba haka ba gam ba zai kama ba. Kuma ka tuna iskar Damagaram. Itacen da ya fito daga bakin teku, hunturu na taɓa shi sai ya tsuke. Rataye shi a inuwa ya yi makonni, ka ɗora shi kan gilashi ka ga ko yana rawa, sannan ka fere hanyar mashi.

Wata ma'aikaciyar gandun daji: Malam, kada wani ya kawo maka madobiya da sunan araha. Tun 2017 tana cikin jerin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin itatuwa da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, fita da ita ƙetare sai da takarda.

Kafinta daga Zengo: Na gode Baba, na gode Hajiya. Na kira shi, ya ce tek zai biyo mota. Epoksin fa, a nan zan samu ko sai Kano?