Sabon ofishinmu wai mai tsimin wuta ne, amma bil ɗinsa ya fi na tsohon

Ɗan Kubwa:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilimin gini ku warware min wannan. Bara aka mayar da mu sabon ofis a nan Abuja, ginin gwamnati ne, ranar buɗewa aka yi ta cewa don tsimin wuta aka tsara shi, ga sola a rufi ga fitilun LED ga gilashi tun daga ƙasa har sama, kyau kam ba a magana. To teburina kusa yake da na mai biyan bil, kuma wallahi abin da ke tafiya a kuɗin wuta da man janareto ya fi na tsohon ginin da muka baro wanda ko lifta babu. Yaudara ce harkar ko mu ne ba mu iya zama a ciki ba?

Injiniya Wuse:
Wa alaikumus salam. Ba ku kaɗai ba ne ɗan'uwa. Shi lissafin tsimin a kwamfuta ake yinsa tun ba a sa bulo ko ɗaya ba, a ɗauka mutum kaza ne a ciki, a kunna ƙarfe 8 a kashe ƙarfe 4, esi yana kan 24. Da mutane sun tare sai a mayar da shi 16, wani ya kawo firij wani butar lantarki, a tashi aiki a bar komai kunne har safe. Ko a Amurka a 2008 wata cibiyar bincike mai suna New Buildings Institute ta duba gine-gine 121 masu shaidar LEED, wato shaidar da ake ba ginin da aka tsara don tsimin makamashi da kare muhalli, a jimlace an samu tsimi, amma a cikinsu akwai waɗanda suka sha wuta fiye da abin da ƙa'idar gini ta yau da kullum ma ta tanada. Naku dai gilashin nan nake zargi. Ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine da ma'aikatar wuta, ayyuka da gidaje ta fitar a 2017 cewa ta yi kada taga ta wuce kashi 20 cikin 100 na bango sai in an yi mata inuwa. Bangon gilashi yana kallon yamma a watan Maris a Abuja, ai tanda aka gina muku, esi kuma shi zai biya.

Maman Ilham:
Malam kafin ka yanke hukunci, naira kake kwatantawa ko yunit? A Afrilun 2024 NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki, ta kai kuɗin Band A, wato layin da aka fi ba wuta, naira 225 a kan yunit ɗaya daga ƙasa da 70. In tsohon bil ɗinku na kafin nan ne ko layinku na da ba Band A ba ne, ai ba ka gwada komai ba. Ka haɗa yunit na shekara da litar man janareto, ka raba da girman kowane gini.

Mai Sola Nyanya:
Oga tambaya ɗaya, wa ke wanke fanel ɗin? Hazon hunturu kaɗai ya isa ya rage abin da suke bayarwa, ga batir in ya mutu ba a sa kuɗin sauya shi a kasafi, sau nawa ina zuwa ofis in tarar an kashe inbata an mayar da komai kan nepa kuma babu wanda ya sani saboda solar ba ta da mitarta daban.

Bature Ɗan Jos:
Mu nan abin ma ya fi ba ni haushi. Jos tana sama da mita 1,200, yawancin shekara taga da fanka sun wadatar, amma sai a kwaso zanen Abuja da tagogin da ba sa buɗuwa a tilasta maka esi. Ku leƙa gine-ginen ƙasa da ke gidan tarihi na nan da rana tsaka ku ji sanyin da kaurin bango kaɗai ke bayarwa.

Ɗan Kubwa:
Na gode ƙwarai. Hajiya kin kama ni, naira nake dubawa. Na tambayi mai kula da ginin, ya ce tun da ɗan kwangila ya tafi ba wanda ya hau rufin, makullin ɗakin inbata ma yana hannun wani da aka yi wa canjin wurin aiki. Litinin in sha Allah zan nemi bil na wata 12 in kawo yunit ɗin nan mu duba tare.