Katifa mai laushi ko mai tauri, wacce ta dace da gadon jariri?

Maman Abdul: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku raba min gardama. Kafinta ya ƙare gadon jaririn da zan kai ma ƙanwata kahin suna, jiya nit tahi Babbar Kasuwa yanko soso, mai shago ya ce in ɗauki mai laushi wanda hannu ka nutsewa ciki wai shi ya hi ma jariri daɗi, ni kuma na taɓa jin an ce mai tauri aka so. Haka na dawo ban saya ba.

Hajiya Inno: Wa alaikumus salam. Gaskiya yah hwaɗa miki ɗiyata. Jariri ƙashinai ɗanye na, kika aza shi bisa abu mai tauri ƙeya bajewa takai. Ɗiya tara na raina, tsumma muka tarawa mu yi musu shimhiɗa mai laushi kuma ga su nan lahiya lau.

Sista Rabi: Hajiya ki gafarce ni, nan kam ban tare da ke. Matsalar soso mai laushi ba ƙashi ba ce, numfashi ne. Jaririn wata 2 ko 3 in ya mirgina fuskarshi ta nutse cikin katifa bai da ƙarfin wuyan da zai ɗaga kai, sai ya dinga shaƙar iskar da ya fitar har ta gaza mishi, kuma sau da yawa ko kuka ba za a ji ba. Tsakanin wata 2 zuwa 4 ne aka fi samun mutuwar fuju'a cikin barci. A Amurka tun 1994 da anka fara gangamin a riƙa kwantar da jarirai rigingine, irin wagga mutuwa ta ragu da kusan rabi, kuma likitocin yara na can har yau abin da suke cewa kenan, shimfiɗa mai tauri, miƙaƙƙa, ba filo ba bargo.

Ummu Sadiq: To Sista rigingine fa in ya yi tumbuɗi? ni abin da ke ban tsoro kenan wallahi, shi ya sa nake kifa nawa

Sista Rabi: Maman Sadiq don Allah ki bari. In yana rigingine hanyar iska ce a sama, ta abinci a ƙasa, tumbuɗin komawa yake ko ya zubo ta gehen baki. Kifawar ta fi haɗari nesa ba kusa ba. Zancen ƙeya kuma Hajiya na da gaskiya tana iya bajewa, amma maganinta goyo, da kifa shi bisa tabarma lokacin da idonshi biyu kina zaune kina kallonshi, da sauya gehen da kanshi ke fuskanta.

Hajiya Inno: Goyo kam mun san shi. Amma ni har yanzu tausai nika ji, ɗan mutum bisa abu awa katako.

Anti Luba: Hajiya ba fa katako ba ne, soso ne mai nauyi, irin wanda in kin danna da tafin hannu kin ɗauke yake dawowa nan take bai bar rami ba. Ni abin da ya fi damuna ma zafin garin ga, watan Afrilu ana wuce digiri 40, yaro ya lume cikin soso mai laushi ga ledar kanti ba a cire ba, zufa sharkaf, ƙurajen zafi duk baya. Ki yage waccan siririyar ledar gaba ɗaya Maman Abdul, tana iya manne ma hanci. In don fitsari ne a ɗinka ma katifar rigar leda mai kauri wadda ta kama ta tsam, a ɗora zanen auduga ɗaya a soke shi da kyau.

Sista Rabi: Sannan ki auno cikin gadon kahin ki koma, a yanka daidai. In yatsunki fiye da 2 sunka shiga tsakanin katifa da katako to ta yi ƙanƙanta, kai ko hannu na iya maƙalewa. Gidan sauro a ɗaure shi sama sosai kar ya sauko mishi bisa fuska.

Hajiya Inno: Hunturu hwa? a bar shi babu bargo?

Sista Rabi: A ƙara mishi riga mai dogon hannu da safa Hajiya, gadon kuma ya kwana ɗakin uwar kusa da ita aƙalla wata 6.

Maman Abdul: Na gode ƙwarai. Gobe in sha Allahu zan biya wurin kafinta in auno da igiya. Anti Luba ko za ki raka ni ki danna min soson da hannunki?