Ƙungiyar kare muhalli ta zo mana da aikin rabin-wata da sassaben zamani: me za mu tsayar kafin mu sa hannu?

Magatakardan Mai Gari ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'a. Ni malamin makaranta ne a wani ƙauye na ƙasar Gidan Rumji, kuma ni nake riƙe wa mai garinmu takardu. Tun bayan girbi wata ƙungiya mai zaman kanta da ke aikin kare muhalli ta turo mana jami'anta sau biyu, tana neman mu haɗa hannu a kan abubuwa uku. Na farko, a haƙa rabin-wata, wato ramukan tare ruwan sama masu siffar rabin wata, a wani fako da ke gabas da gari, wanda ya daɗe ko ƙarangiya ba ta fitowa a kansa. Na biyu, kowane magidanci ya riƙa barin tohon itatuwa a gonarsa maimakon ya sassabe su ƙarƙaf, wato abin da ake kira sassaben zamani. Na uku, a tare ƙoramar da take kwaso yashi tana zubawa a tabkinmu, wanda a da yake kai mu har bazara, amma yanzu yake ƙafewa tun sanyi bai fita ba. Su za su kawo diga da shebur da irin ciyawa da mai koyarwa, da ladan masu haƙa na shekarar farko, mu kuma mu ba da fili da ƙarfi da tsaro.

Abin da ya sa muke ɗari-ɗari shi ne an taɓa yi mana irin wannan. Wani shiri ya zo, aka haƙa ramuka, aka dasa itatuwa, aka kafa allo, aka ɗauki hotuna, amma da kuɗi suka ƙare mai gadi ya koma gidansa, awaki suka gama da dashen kafin damina ta biyu. Allon yana nan har yau, a jikinsa ake ɗaure jaki ranar kasuwa. Mai gari ya ce ba zai sa hannu ba sai ya ji ta bakin waɗanda suka san aikin. Shin wannan haƙa tana riƙe ruwa da gaske? Kuma me ya kamata mu tsayar da su a kai tun kafin a sari ƙasa?

Tsohon Malamin Daji ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Tana riƙe ruwa, muddin an yi ta a inda ta dace. Fako ƙasa ce da samanta ya daskare, ruwan sama yana faɗuwa a kanta ya gudu kamar an zuba shi a kan faranti. Rabin-wata yakan yi faɗin mita 4, ana buɗe bakinsa wajen da ruwa yake gangarowa, a tara ƙasar da aka haƙo a bayansa ta zama kunya, kuma ana jera su a saɓe, ta yadda ruwan da ya kuɓuce wa layin sama zai faɗa cikin na ƙasa. Hekta ɗaya tana ɗaukar kimanin 313. Tassa kuma ƙaramin rami ne da ake zuba masa taki tun rani, gara ta zo cin takin ta huda ƙasar, ruwan farko ya bi hanyoyinta ya nutse. Amma kada ku yarda a kai muku rabin-wata cikin jigawa don a cika lissafin hekta, domin jigawa tana shan ruwa da kanta, iska da rashin ƙarfi ne ciwonta, kuma maganinsu itace.

A kan itacen ne nake so in daɗe, saboda a nan ƙasarmu ta Maraɗi ta riga ta ga abin da kake tsoro da kuma abin da kake fata. A 1984, zamanin Seyni Kunce, an yi babban taron ƙasa a kan yaƙi da hamada a nan birnin Maraɗi, kuma a wancan lokaci hankalinmu duka yana kan dashe: a rena a leda, a kai fili, a kewaye. Mafi yawan abin da muka dasa bai rayu ba. Shekara guda kafin taron, wani masanin noma ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda yake aiki da mishan ta SIM, ya lura cewa ƴan tsirran da manoma suke sarewa kowace bazara kututturan manyan itatuwa ne masu saiwa da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ba ta da tsada: a zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran, a bar su su tashi. Lokacin yunwar 1984 an ba mutane abinci don su yi hakan, kuma da abincin ya tsaya da yawa suka sare abin da suka rena. Waɗanda suka bari su ne suka ga iska ta daina binne musu shuka, suka sami itacen girki da ganyen dabbobi a bakin gona, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya ba tare da an biya kowa ba. Masu bincike sun ƙiyasta cewa abin ya kai hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, a shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, manomin da ya farfaɗo da tassa a ƙasar Yatenga.

Abin da ya sauya tsakanin dashen da ya mutu da tohon da ya rayu shi ne manomi ya tabbata itacen nasa ne. A ƙarƙashin tsohuwar doka, mutum yana iya cin tara a kan reshen gawon da ke tsakiyar gonarsa, saboda haka mai wayo yakan kashe shi tun yana ƙarami. Dokar daji ta 2004 ta sassauta, sannan a watan Yuli na 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman a kan sassaben zamani, wadda ta amince da haƙƙin manomi a kan itatuwan da ya rena. Don haka gonaki ba su dame ni ba. Fakon ne abin tsoro, domin fako ba shi da magada sai ranar da ya yi kore. Kafin a ɗaga diga, ku kira kwamitin filaye na gari da na gunduma, waɗanda dokar karkara ta 1993 ta tanada, a taka iyakar wurin da ƙafa, a rubuta ko na gari ne ko na wani gida, a kuma rubuta wanda zai ci ciyawar da itacen bayan ƙungiyar ta tafi.

Ɗan Rugga ya amsa:

Baba ya faɗi gaskiya, Allah ya ƙara girma. Sai dai, Malam, na karanta tambayarka sau biyu ban ga inda ka ambaci makiyaya ba, alhali fakon da manomi yake gani banza, sau da yawa shi ne inda garke yake tsayawa da damina lokacin da gonaki suka rufe ko'ina, tabkin kuma mashaya ce. Irin wannan aiki yana buƙatar a hana dabbobi shiga wurin shekara biyu ko uku har ciyawa ta kama. Mun yarda da haka idan da mu aka yanke, amma idan muka dawo daga arewa muka tarar da ramuka a kan burtali da mai gadi riƙe da sanda, to an shuka rigima tare da ciyawar. Ku mutanen Gidan Rumji ba sai an tuna muku rikicin manoma da makiyaya da ya ci rayuka a ƙauyen Toda a 1991 ba. Dokar kiwo ta 2010 ta kare burtali da hanyar zuwa ruwa, saboda haka a bar hanya mai faɗi zuwa tabkin, a kuma gayyaci arɗo tun zaman farko, ya zauna a tabarma ɗaya da mai gari.

Akwai kuma abin da za mu iya kawowa. Tassa ba ta aiki sai da taki, takin kuwa yana wurinmu. Sannan ku tambayi ƙungiyar irin ciyawar da za ta watsa, kuma wa zai riƙa tuge garmani idan ya shigo, domin ya riga ya cinye makiyayu da burtuloli masu yawa a jihar nan, dabba kuma ba ta damu da shi ba. Gamba da kyasuwa muke so mu gani.

Shugabar Mata daga Madarumfa ta amsa:

Malam, sannu da ɗawainiya. Ina so ka duba wanda zai riƙe digar. Ana yin wannan haƙa da rani, lokacin da samari da magidanta da yawa suka tafi ci-rani, saboda haka a garinmu mata ne suka haƙa mafi yawan ramukan, wasu da goyo a baya. Amma da ciyawa ta fito aka zo rabon buhunan iri da kuɗin bunu, sai aka ce wannan magana ce ta masu gida. Kada ku bari haka ta faru gare ku. A sa mata cikin kwamitin da sunansu, kuma ma'aji ya kasance mace idan da hali, domin riƙon asusu ba baƙon abu ba ne gare mu: tsarin Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi ya fara a 1991 tare da ƙungiyar CARE, ga shi yanzu ya bazu ƙasashe da yawa.

Game da mai gadin da ka ce ya koma gida, mu abin da muka yi shi ne tun shekarar farko muka ware kaso daga cinikin ciyawa da irinta muka zuba a asusu, daga ciki ake sallamar masu tsaro. Ladan ƙungiya na haƙa ne kawai, kuma gara a faɗa wa jama'a haka ƙarara tun ranar farko. Idan kuna da hali, ku roƙi ƙungiyar ta ɗauki mutum biyar ko shida, maza da mata, ta kai su Ɗan Saga a ƙasar Agiye, su ga yadda kwamitin gari yake sa ido a kan masu satar sara. Abin da manomi ya ji daga bakin manomi ɗan'uwansa ya fi shiga kunne.

Ma'aikacin Ruwa ya amsa:

Ina tare da dukkanku a kan fako da itatuwa, amma a kan tabkin ina da ja. Ina jin tsoron a ɗora wa rabin-wata nauyin da ba zai iya ɗauka ba, jama'a su sa rai tabkinsu zai dawo cikin damina ɗaya, idan bai dawo ba su yi fushi da aikin gaba ɗaya. Yashin da yake cike tabki daga kan ƙorama yake tasowa, kuma kan ƙoramar wataƙila yana cikin ƙasar wani gari. Idan aka tare ta a bakin tabki kaɗai, ruwan Agusta zai ɓalle shingen ko ya kewaye shi ya ci gonar wani. Ana farawa daga sama ne a gangaro, da ƙananan shingaye da layukan gamba, yashe tabkin kuma shi ne aikin ƙarshe.

Mu da muke zaune a bakin Gulbin Maraɗi mun san wannan darasi. Gulbin daga Najeriya yake fitowa, ya ratsa Madarumfa da Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, ya koma Najeriya ya faɗa Rima, kuma tun da aka gina madatsar Jibiya a jihar Katsina masu fadama suka ga ruwan da yake malalo musu ya ragu. Abin da na sama ya yi, na ƙasa ne yake kwana da shi. Saboda haka, Malam, ku bi ƙoramar da ƙafa har inda ta faro, duk garin da ta taɓa a sa shi cikin yarjejeniyar. Sannan ku zaɓi rijiya biyu, ku sami igiya mai ƙulli a kowace rabin mita, ɗalibanka su riƙa auna zurfin ruwan a farkon kowane wata suna rubutawa a littafi. Bayan shekara uku littafin zai gaya muku ko ruwan ƙasa ya ɗago, ba sai kun jira rahoton kowa ba.

Magatakardan Mai Gari ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa mai gari amsoshinku bayan sallar isha'i, washegari ya aika aka kira arɗo da shugabar mata da limamin gari. Baba, maganarka ta tabbata tun kafin a je ko'ina: da aka ce za a taka iyakar fakon, gidaje biyu suka miƙe, kowanne yana cewa kakansa ne ya taɓa noma gefen kudu. Arɗo kuma ya nuna mana cewa burtalin da muke tsammani ya bi ta bayan fakon, ta tsakiyarsa ya ratsa. Mun bi ƙoramar ranar Asabar, ta kai mu gonakin wani gari da ke arewa da mu, wanda ba ya cikin lissafin ƙungiyar.

Mun gaya wa jami'in ƙungiyar cewa sassaben zamani za a fara shi a bana, tunda kowa gonarsa ce, amma haƙar fako sai kwamitin filaye ya zo ya raba gardamar gidajen nan, an kuma fitar da burtali. Bai ji daɗin jinkirin ba, ya ce suna da wa'adin da masu ba su kuɗi suka ɗora musu, amma ya yarda zai kai maganar gaba, har da batun garin arewa. Igiyar awo tana hannun ƴan aji shida. Hajiya, saura tambaya ɗaya gare ki: kason da kuke warewa na masu tsaro, kafin a raba ciyawar kuke cire shi, ko bayan an sayar?