Kwabon Rumawa yana fitar da garin kore, yaya ake tsayar da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwabon tagulla ne, faɗinsa milimita 18. A bayansa soja yana sukar mahayin da dokinsa ya faɗi, a gefe an rubuta FEL TEMP REPARATIO. Wani kore mai kamar gari yana fitowa a bakinsa, in an goge sai ya dawo. Na wane sarki ne, kuma me ake yi masa?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. Malam, fara raba shi da sauran. Koren da ya yi tauri yana sheƙi rigar kwabo ce, ba a taɓa ta. Amma mai gari-gari ciwon tagulla ne: gishirin kuloraid da ya shiga ƙarfen a ƙasa ne ke haɗuwa da danshi yana cin sa daga ciki. Kankare garin da tsinken sakace. Narka giram 5 na sinadarin sodiyam seskwikabonet a mililita 100 na tataccen ruwa, irin na batir wanda ba asid, ka jiƙa shi, kana canja ruwan duk mako. Kada a sa ruwan famfo. Bayan makonni ka ɗauraye, ka busar sosai kafin ka shafa masa kakin kariya, domin in ka rufe danshi a ciki ciwon zai ci gaba.

Amsa ta 2: A ƙara da wannan: ban da lemun tsami ko binega, suna cinye rigar su bar ƙarfe tsirara, daraja ta tafi. Maganin ma yana iya kwashe wani abu na rigar, a riƙa dubawa. Ajiya kuwa a ambulan takarda marar asid, ba ledar PVC ba, tare da ƙunshin silika mai tsotse danshi, musamman da damina.

Amsa ta 3: An fara buga wannan zane a shekara ta 348 miladiyya. Na farko manya ne, wajen giram 5. Naka daga ƙananan da suka biyo baya ne, ajin girman da masu tara kwabo ke kira AE3. Dubi kan mutumin da ke gaban kwabon da rubutun gefensa. In akwai ɗaurin sarauta da PF AVG, Konstantiyus II ne. In babu ɗauri kuma ka ga NOB C, to Gallus ne ko Juliyan, mataimakansa a sarauta. Haruffan ƙasan bayan su ne garin da aka buga shi: AN Antakiya, ALE Iskandariya, SIS Siskiya, CONS Kustantiniya. Harafin da ke maƙale da su, kamar A ko B, lambar ɗakin bugu ce.