Na ɗauke faifan VirtualBox zuwa waje, lissafin wata bakwai ya ɓace

Sani_Kwari:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah wanda ya san VirtualBox ya taimaka min, tun jiya da la'asar hankalina ba ya jikina.

Ni nake riƙe wa yayana lissafin shagonsa na atamfa da shadda. Manhajar lissafin tsohuwa ce, ba ta tashi sai a Windows 7, shi ya sa na girka ta cikin VirtualBox 6.1 a laftof ɗina, wato manhajar da ke tayar da wata na'ura ta daban a cikin kwamfutarka. Bashin da muke bi da wanda ake bin mu duk yana ciki. Sau uku na ɗauki sinafshot, wato adana yanayin na'urar yadda take a lokacin don a iya komawa gare shi: ranar da na gama girkawa, da kafin azumi, da wata biyu da suka wuce.

Jiya faifan C na laftof ɗin ya cika maƙil. Na duba na ga Shago.vdi, fayil ɗin da ke matsayin faifan na'urar, shi kaɗai ya cinye giga 31, sai na ɗauke shi na kai faifan waje, wato E. Da na zo tayar da na'urar sai ta ƙi, ta rubuto VERR_FILE_NOT_FOUND. Na shiga Storage na cire faifan, na nemi saka na E, ta ce akwai wani mai wannan UUID ɗin, wato lambar shaidar faifan. Sai na yi kwafinsa a wata folda, na canza wa kwafin lamba da umarnin sethduuid kamar yadda na gani a intanet, na haɗa sabuwar na'ura da shi. Ta tashi, amma manhajar wayam, ko sunan mutum ɗaya babu. Har yanzu ban iya gaya wa Yaya ba. Akwai yadda za a dawo da lissafin, kuma sinafshot ɗin su tsira?

Injiniya_Bala:
Wa alaikumussalam Malam Sani. Kwantar da hankalinka, amma ka ɗaga hannu tukuna: kada ka goge komai, kada ka sake tayar da ko wacce na'ura.

Ga abin da ya faru. Ranar da ka ɗauki sinafshot na farko, daga ranar VirtualBox ya daina rubutu a Shago.vdi. Ya buɗe wani sabon fayil a foldar Snapshots, duk abin da ya canza can yake zuba shi. Sinafshot na biyu ya haifi wani, na uku ma haka. Shago.vdi uwa ce, sauran ɗa ne da jika da tattaɓa-kunne, kowanne yana riƙe da lambar wanda ya haife shi. Kai uwar kaɗai ka tayar, dole ka ga ranar farko. Lissafinka yana wajen 'ya'yan.

Abu biyu nake so in sani. Me ke cikin foldar Snapshots? Kuma ka tabbata kwafi ka canza wa lamba, ba na asali ba? Wannan ta biyun ita ce ta fi damuna, don in an tayar da Windows a kan uwar ta asali, ta riga ta canza, 'ya'yan kuma a kan yadda suka bar ta suka dogara.

Sani_Kwari:
Yallaɓai, fayil uku ne, sunayensu dogayen lambobi cikin baka, giga 6 da 9 da 4. Mai giga 4 ɗin kwanan watansa jiya ne, ƙarfe 3:40. Na asali kuwa wallahi ban taɓa shi ba, tsoro ne ma ya sa na yi kwafin.

Injiniya_Bala:
Alhamdulillahi, wannan kwafin shi ya cece ka.

Fara da rufe VirtualBox, ka jira VBoxSVC.exe ya ɓace daga Task Manager, sannan ka kwafe foldar na'urar ɗungurum, da Shago.vdi na asali, ka ajiye gefe. In hannu ya kuskure, akwai wurin komawa.

Daga nan ka buɗe cmd, tagar buga umarni ta Windows, a foldar da aka girka VirtualBox, ka buga wannan a kan kowane fayil cikin huɗun:

VBoxManage internalcommands dumphdinfo "sunan fayil"

Layi biyu za ka duba, uuidCreation (lambar fayil ɗin kansa) da uuidParent (lambar wanda ya haife shi). Ɗauki takarda da biro ka rubuta su. uuidParent na ɗan fari ya zama daidai da uuidCreation na Shago.vdi, haka har ƙarshe. Wanda babu mai kiransa uwa shi ne na ƙarshe, kuma ina kyautata zaton mai giga 4 ne. Kada ka tsaya ga kwanan wata kawai, kwafi yakan rikita shi.

In sarƙar ta haɗu, ka nuna masa inda uwar ta koma:

VBoxManage modifymedium disk lambar-uwa --setlocation "E:\Shago.vdi"

Saura ɓarnar cire faifai da ka yi a Storage. Nan mutane suke sake faɗawa rami: su zaɓi Shago.vdi su maƙala, shi kuma VirtualBox ya haifar da sabon ɗa wanda babu komai a cikinsa, su kasa ganin aikinsu na baya-bayan nan. Na ƙarshen za ka maƙala:

VBoxManage storageattach "Shago" --storagectl "SATA" --port 0 --device 0 --type hdd --medium lambar-na-ƙarshe

Ka duba ko SATA ne sunan da ke Storage ɗinka.

Maman_Iman:
Sannunku da aiki. Ƙanena, in abin ya ƙi, akwai umarnin clonemedium: ka ba shi lambar na ƙarshen, zai tattara sarƙar duka ya fitar maka da faifai guda mai lissafinka na jiya. Sinafshot ɗin ba za su biyo shi ba, amma na asali suna nan ba a taɓa su ba. Ni ko gyaran ya yi, sai in ce ka yi wannan ka ajiye a wani faifai daban, tunda dukiyar mutane ce.

Kuma ban so ka bar uwar a E alhali 'ya'yan suna C. Ranar da ka soka wata filasha kafin faifan, Windows na iya mayar da shi F, ka sake ganin wannan saƙon. Akwai Move a jerin Machine, shi zai kwashe foldar na'urar zuwa wurin da ka zaɓa.

Sani_Kwari:
Allahu Akbar! Ta tashi. Lambobin sun haɗu tsaf a takarda, mai giga 4 ne na ƙarshe. Da na buɗe manhajar hannuna har rawa yake, sai ga turmi shida da na shigar jiya da azahar, su ne a layin ƙarshe. Sinafshot ukun ma suna nan. Injiniya, Hajiya, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifa. Yanzu haka clonemedium ɗin yake tafiya.

Sabuwar na'urar da na haɗa jiya fa, in goge ta?

Injiniya_Bala:
Amin. Goge ta, amma kafin ka danna Delete all files ka leƙa Storage ɗinta, ka tabbata faifan da ke jikinta na foldar kwafin ne.