Masu tsofaffin jif a Legas, ku zo mu haɗa kai: tawa ce kaɗai ke shan mai haka?

Mai Land Cruiser, Agege

Assalamu alaikum jama'a. Ina da Land Cruiser ƙirar 80, ta 1996, mai injin fetur 1FZ, lita 4.5, fulogi shida. Gadonta na yi a wurin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, shi ya sa duk mai ce mini in sayar sai in ce masa tsohon doki sai mai shi. A da da ita ake zuwa gida duk sallah, kuma a babbar hanya lita ɗaya takan kai ni kusan kilomita 6. Yanzu shekara biyu ke nan ba ta fita Legas ba. Aikinta kullum daga gida zuwa mayankar Oko-Oba, tafiyar da ba ta kai kilomita 4 ba, sai a dawo da yamma. Na auna sau uku, in cika tanki in rubuta mita, in sake cikawa: lita ɗaya ba ta cika kilomita 4.

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi na fara wannan lissafin, a da wa ya damu. Amma abin da ya tayar mini da hankali shi ne makon jiya da na buɗe murfin baƙin mai, na ga wani abu fari-fari mai yauƙi kamar madarar da ta kwana ya manne a cikinsa. Na zaro sandar auna mai na shinshina, warin fetur. Kuma man bai ragu ba, kamar ma ya ɗan ƙaru. Wanda ya taɓa ganin haka don Allah ya faɗi abin da ya gani da idonsa.

Direban Alhaji, Obalende

Wa alaikumus salam. Malam, ba kai kaɗai ba ne. Ni ina jan ta gaba da taka, ƙirar 100 mai V8, lita 4.7, ta maigidana. Kai yara makaranta a Ikoyi, ɗauko su, kai Hajiya kasuwa, shi ke nan. Abin da na koya shi ne mitar mota a Legas ba ta faɗin gaskiya. Bakanike ya rubuta mana a takarda mu dawo juye bayan kilomita 5,000. Muka yi wata goma ba mu cika ba. Alhaji ya ce ai lokaci bai yi ba, ni ma na yarda. To amma a wata goman nan, awa nawa injin ya yi yana aiki? In na je ƙofar makaranta nakan yi minti arba'in a tsaye da esi a kunne, don Hajiya ba ta son yara su shigo mota da zafi. A gosulon Falomo kuwa, mita ba ta motsi, inji yana ta juyawa. Ranar da aka kwance man, wallahi da ƙyar yake zubowa, baƙi ƙirin kamar kwalta. Tun daga nan na ce wa Alhaji mu daina duba mita, mu riƙa duba kalanda. Duk wata huɗu nake yin juye yanzu, ko motar ta yi tafiya ko ba ta yi ba.

Bakanike, kusa da Ladipo

Yayana na Agege, kafin komai, gobe da safe inji na sanyi ka buɗe lagireto ka duba ruwa, ka yi haka kwana bakwai. In ruwa yana raguwa, ko kana ganin farin hayaƙi mai yawa har bayan mota ta yi zafi, to maganar gasket ce, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa mai hana ruwa haɗuwa da mai, ka zo da ita kar ka ɓata lokaci. In ruwan yana nan yadda yake, wannan farin abin gumi ne kawai, kuma gajeriyar tafiyarka ce ta kawo shi.

Ga yadda abin yake. Duk fetur ɗin da ya ƙone yana fitar da tururin ruwa. Yawancinsa ta salansa yake fita, amma kaɗan yakan sulale ta gefen ringi ya gangara wurin baƙin mai. In inji ya yi zafi sosai ya daɗe a haka, ruwan sai ya koma tururi ya fice. In kuwa kullum kana kashe mota kafin man ya yi zafi, ruwan na yau ya tarar da na jiya. Ga Legas da laima, musamman daga Yuni zuwa Yuli. Kuma kar allurar zafi ta ruɗe ka, ita zafin ruwa take nunawa. Baƙin mai yana baya, sai ruwa ya yi zafi da jimawa shi yake kaiwa. Injinka ƙarfe ne mai kauri, yana ɗaukar mai wajen lita bakwai, minti goma ba sa isar sa.

Warin fetur ɗin ma daga nan ne. Inji mai sanyi ƙwaƙwalwar mota tana ba shi mai fiye da kima don kar ya mutu. Wanda bai ƙone ba sai ya wanke man da ke jikin silinda ya sauka ƙasa. Shi ya sa ka ga kamar man ya ƙaru. Ƙaruwar banza ce, ya tsinke ne, kuma tsinkakken mai ba ya kare metal, wato ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu. Amma in warin ya yi yawa a sa a duba injekta, wata takan riƙa ɗiga bayan an kashe mota.

Tambaya ɗaya zan yi maka: akwai tamostat a motar nan? Ina tambaya ne don mu bakanikai mun yi ɓarna a nan, har da ni a farkon koyon aiki. Mota ta shigo daga waje, abu na farko sai a ce wannan na ƙasar sanyi ne, a cire a jefar. Tamostat ƙofa ce, tana tsare ruwa a cikin inji har ya kai wajen digiri 82 sannan ta buɗe ya tafi lagireto. In babu ita, ruwa yana zagaye tun daga tayar da mota, inji ya daɗe bai yi zafi ba, ƙwaƙwalwa kuma tana ta zuba mai tana zaton har yanzu safiya ce. Mai tafiyar kilomita 4 ba tamostat, injinsa bai taɓa sanin zafin aiki ba.

Dattijo mai Pajero, Mile 12

Yaro, ban ƙi maganarka duka ba, amma a bar tamostat ɗin nan. Pajero ta mai injin gas 4M40, shekara goma sha ɗaya ba tamostat, ga ta nan tana ɗaukar buhunan albasa. Wadda ke ciki a da ta maƙale mini a rufe a kan gadar Third Mainland, tsakiyar rana, ruwa yana tafasa, ba wurin tsayawa. Wanda ya taɓa kwana a wannan halin ba ya son ya sake jin sunanta. Kuma ni kullum sai na dumama mota minti goma sha biyar bayan sallar asuba kafin in taka. Haka muka tarar ana yi.

Bakanike, kusa da Ladipo

Baba, Allah ya ƙara girma. Wadda ta maƙale maka ta mutu ne, magani a sa sabuwa ta asali, ba a bar gurbin ba kowa ba. Kuma taka tana zuwa Mile 12 da kaya, tana shan wuya, dole ta yi zafi ko ta ƙi ko ta so. Tasa ba kaya, ba nisa. Dumamawar kuma, injin gas in yana tsaye ba ya yin zafi da wuri, sai dai ya tara baƙin toka. Minti ɗaya ya isa mai ya hau sama, sai a taka a hankali.

Dattijo mai Pajero, Mile 12

To, na ji. Dumamawa dai ba zan bari ba, lokacin ne nake yin lazimi.

Hajiya mai atamfa, Idi-Araba

Ni ban san sunayen ƙarafan nan ba, abin da ya same ni zan faɗa. Nissan Pathfinder gare ni, tsohuwa, daga gida zuwa shago, in an yi nisa a je Yaba. Batir biyu na saya cikin shekara ɗaya da rabi, ina ta zagin masu sayarwa. Ashe kowace tayarwa tana cin wuta, tafiyar kuma ba ta isa ta mayar ba, ga esi ga fitila. Sai salansa ta huje ta ƙasa, mai walda ya girgiza ta ruwa mai tsatsa ya zubo, ya ce daga ciki ta ruɓe. Maigidana yana ta cewa in sayar in sayi ƙarama. Na ce masa ranar da aka yi ruwan kwana layinmu ya cika, ƙananan motoci suna jere an ɗaga bonet, wa ya kwaso yara daga Islamiyya? Bai sake magana ba. Abin da nake yi yanzu, ranar da ba ruwa ba kaya, keke Marwa mai ƙafa uku nake hawa.

Ɗan canji, Ikeja

Ni 4Runner ce da ni mai V6, na sa mata tukunyar iskar gas ta CNG bara saboda tsadar fetur. Masu doguwar tafiya suna cin riba, ban musa ba. Amma irin wadda aka sa mini da fetur take tashi, sai ruwa ya ɗan yi ɗumi take juyawa kan iskar gas. Daga gida zuwa Allen, kafin ta juya na yi rabin hanya. Ga tukunyar ta cinye but, ga nauyi, ga layi a wurin cikawa. Da na sani da na yi lissafi da irin tafiyata, ba da ta direbobin haya ba. Yanzu in zan shiga Oyingbo ma jirgin ƙasan Red Line nake bi, in bar ta a gida.

Mai raguna, Alaba Rago

Ku duk kuna maganar inji, kun manta da abin da ya sa ake ce mata jif. Hilux ɗina shekara uku ban taɓa ƙaramar giyar nan ta ogzilari ba, don me zan taɓa ta a kan kwalta? Ana saura kwana huɗu babbar sallah aka kwana ana ruwa, na shiga ɗauko raguna, tayoyin baya suka nutse a caɓi. Na sauka na murɗa makullin tayar gaba, ɗaya ya juya, ɗaya ya ƙi ko motsi, tsatsa da busasshen giris sun kama shi. Sai da yara takwas suka tura, mai rago yana tsaye yana kallona da sabuwar shaddata. Daga baya wani ya nuna mini a littafin Toyota an rubuta a riƙa sa ta a ƙafa huɗu kamar kilomita 16 duk wata don mai ya zagaya kayan gaba. Amma a kan ƙasa ko yashi, kar a yi a busasshiyar kwalta, tana ɗaure giya. Ni ta wajen Badagry nake samun hanyar ƙasa in yi. Na Agege, taka ƙirar 80 in mai jan ƙafa huɗu kullum ce, wannan bai shafe ka sosai ba, sai dai shi ma yana cikin abin da ke sa ta shan mai. Kuma duk wanda ya ratsa ruwa mai zurfi ya sa a duba man aksul, nawa ya koma kalar kunun gyaɗa.

Direban Alhaji, Obalende

Ƙari kaɗan: iskar taya. Namu manya ne, ba a gane sun yi ƙasa da ido. Na tarar da biyu sun ragu sosai, wata nawa ina jan su haka Allah kaɗai ya sani.

Mai Land Cruiser, Agege

Na dawo da bayani, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ruwan lagireto na duba kwana bakwai, bai ragu ba, hankalina ya kwanta ta wajen gasket. Na kai ta gareji aka kwance bakin tiyo, oga bakanike gaskiyarka, gurbin tamostat fayau, ba komai. Na kira yayanmu a gida, ya ce ai tun zamanin Baba aka cire, a hanyar Lokoja. Na shiga kasuwar kayan mota ta Ladipo da kaina, aka nuna mini iri biyu, na ɗauki mai tsadar, aka sa. Aka yi juye da sabuwar filta, fulogi shidan nan duk sun yi baƙi da toka, aka canja su.

Ranar Lahadi bayan asuba na ɗauki yara muka bi ta Berger, muka haye doguwar gada muka miƙe har Sabon Shagamu. Kilomita ashirin na farko tana ta tari da wani wari, daga nan muryarta ta washe, irin wadda na sani tun ina zama a kujerar baya. Muka sayi goro, muka ci tuwo, muka juyo. Da na buɗe murfin washegari, farin abin nan saura ɗan kaɗan a gefe.

Allurar zafi yanzu kafin in wuce gadar Pen Cinema ta kusa tsakiya, a da har in isa Oko-Oba tana kwance. Tanki ɗaya kawai na auna tun bayan gyaran, ya ba ni kilomita 4 da ɗan ɗoriya a lita, amma akwai tafiyar Shagamu a ciki, don haka ban yarda da shi ba tukuna. Zan auna biyu na zirga-zirgar gida zalla in kawo muku. Baba na Mile 12, in kana da wanda ka yarda da shi mai wanke lagireto ba tare da ya huda ta ba, ina nema, don tun da aka mayar da tamostat idona ba ya barin allurar nan in na shiga gosulo.