Zan ɗora Linux a kan sabon allon ARM, me zan tanada tukuna?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da allo mai furosesa Cortex-A53, RAM gigabait 2 da eMMC (ma'ajiyar bayanai da ke manne a jikin allon). Masu ƙera shi sun bayar da tsohon kenel (zuciyar Linux) mai cike da facin gyare-gyarensu, ni kuma Linux na asali nake so ya tashi a kai. Da me zan fara?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai nemo ƙafafun UART a jikin allon, wato tashar da allon ke turo saƙonninsa a rubuce zuwa kwamfutarka. In babu shi a makance za ka yi aikin. Sami adaftar USB irin CP2102 ko FT232, ka haɗa TX ɗinta da RX na allon, RX da TX, sai GND. Kada ka haɗa wayar wuta. Ka auna ƙafar da mita tukuna, domin wasu alluna a 1.8V suke aiki, ka kai musu 3.3V ka iya ƙona ƙafar. Gudun yawanci 115200 ne. Idan tarkacen haruffa kake gani, gudun ne bai dace ba, wasu furosesoshin Rockchip a 1500000 suke magana.

Sannan ka tada tsohon kenel ɗin, ka kwafe duk abin da dmesg (umarnin da ke nuna saƙonnin kenel) ya fitar, haɗe da fayil ɗin dtb nasu mai bayyana wa kenel na'urorin allon, ka warware fayil ɗin zuwa rubutu da manhajar dtc. Adireshin kowace na'ura na nan ciki.

Amsa ta biyu:
Ƙari a kan na ɗan'uwa: kada ka taɓa U-Boot ɗinsu, wato manhajar da ke loda kenel, da farko. Shi ke saita RAM, kuma wannan ne wuri mafi wuya. Kuskure kaɗan a saitin lokutan DDR (wato RAM ɗin) sai allo ya tashi lafiya, ya riƙa mutuwa haka kawai bayan minti goma. Bar shi, ka riƙa loda naka kenel ta TFTP (tura fayil ta hanyar sadarwa) ko katin SD, eMMC kuma ka kwafe ta gaba ɗaya ka ajiye.

Fayil ɗin dts naka (rubutun da ake mayarwa dtb) ya fara ƙarami: CPU, RAM, GIC (mai isar da kiran na'urori ga CPU), timer da UART kaɗai, tare da initramfs na BusyBox (ƙaramin tsarin fayiloli a cikin RAM mai ɗauke da muhimman umarni). Ka samu shell (wurin buga umarni) tukuna, sannan agogo, pinctrl (saitin ƙafafun furosesa), MMC (mai kula da eMMC da katin SD), intanet, ɗaya bayan ɗaya.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. To idan U-Boot ya rubuta "Starting kernel ..." ya yi shiru fa?

Amsa ta farko:
Sa earlycon (mai sa kenel ya fara magana tun da wuri) a bootargs, wato saitin da U-Boot ke miƙa wa kenel, ka tabbata stdout-path na cikin dts na nuni ga UART ɗin da ka jona. Sau da yawa kenel yana aiki, bakinsa ne a rufe. Duba kuma kada adireshin da ka loda Image (fayil ɗin kenel) ya hau kan na dtb, sabon kenel ya fi tsoho girma, yakan danne shi. In ya yi magana sannan ya yanke daf da ƙarshe, gwada clk_ignore_unused a bootargs, domin kenel yana kashe agogon da yake zaton babu mai amfani da shi, har da na UART. In cibiya ɗaya ce kawai ta furosesan ta tashi, duba PSCI (hanyar da kenel ke tada sauran cibiyoyin) a dts da kuma TF-A (manhajar da ke amsa wannan kiran).